Wanda Ya Gaya Musu Gaya

Ni ne na yi laifi. Na fara da wannan ne domin duk wanda ya ji labarin daga bakin 'yan ƙungiyarmu zai ji an sassauta mini, a ce kuskure ne ko tsautsayi. Kuskure yana ciki, amma abin da na yi bayan kuskuren da sanina na yi shi, kuma mutumin da na yi wa bai taɓa yi mini komai ba sai alheri.

Ina aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wani kamfani a Doha. Karatuna bai wuce makarantar koyon sana'a a Zariya ba. Shekarata ta farko a nan, wani ƙarfe ya yanke ni a hannu aka kai ni asibiti. Ana wanke ciwon na ce wayyo Allah. Sai nas ɗin da ke riƙe da hannuna ya ce, "Sannu, yi haƙuri, saura kaɗan." Na ɗago na dube shi. Wata bakwai rabona da jin wannan sannun daga bakin mutum ba ta waya ba. Mutumin Jos ne, Kirista, ya girme ni da shekara shida. Ina kiransa Likita duk da ya sha gaya mini shi ba likita ba ne, shi kuma yana kirana Sarkin Sanyi. Da ya gama ɗaure hannun ya dubi kafaɗuna ya tambaye ni ko na taɓa kokawa. Na ce na yi a ƙauye ina yaro. Ya ce idan hannun ya warke zai kai ni wani wuri.

Wurin filin ƙwallon zari-ruga ne a Umm Salal. Ƙungiya ce ta ma'aikata, ba wanda ake biya, mutum goma sha biyar a fili. Akwai 'yan Kenya, 'yan Fiji, Turawa, da kyaftin ɗinmu mutumin Afirka ta Kudu wanda shi ne kuma mai horar da mu. 'Yan Nijeriya mu biyu ne kawai. Idan zafi ya ragu ana yin 'yar gasa tsakanin ƙungiyoyi irin namu, kuma a shekarata ta huɗu muka kai wasan ƙarshe, abin da ƙungiyar ba ta taɓa yi ba. Ga Likita kuwa wasan ƙarshe ne na gaske. Kwantaraginsa zai ƙare bayan wata biyu, gwiwarsa ta hagu ta gaji, ya riga ya tura akwatuna gida.

Sai na bayyana abu ɗaya a wasan domin a gane abin da ya biyo baya. Idan ƙwallon ta fita daga fili, manyan 'yan wasan kowane ɓangare suna jeruwa layi biyu, mutum ɗaya ya tsaya a bakin fili ya jefa ta tsakiyarsu, a ɗaga wani sama ya cafke. Kafin a jefa sai an faɗi wata kalmar sirri domin namu su san inda za ta sauka. Likita ne mai jifarmu, riga mai lamba biyu. Ni ina gaban layi, aikina ɗaga mai tsalle. Kowace ƙungiya da lambobi take yin sirrinta, kuma kafin a je hutun rabin lokaci abokan hamayya sun gane su. Ni na kawo shawarar mu yi namu da Hausa. Tuwo, gaban layi. Miya, tsakiya. Nama, can baya. Aka yi ta dariya ana koyon faɗinsu, kyaftin yana cewa "tuuwoo" kamar mai kiran shanu, amma abin ya yi aiki shekara biyu cur.

Waɗanda za mu haɗu da su, masu jan riga, sun fi mu tsawo sun fi mu gudu, kuma kofin a hannunsu yake. Kyaftin ya ce idan muka bar wasan ya buɗe mun mutu. Dabararmu ita ce mu riƙe ƙwallon a hannun manya, mu ci ƙasa taki ɗaya ɗaya, idan an ba mu bugu mu tura ta kusurwarsu. A can kusurwar muka ajiye sabon abu. Kowa zai yi kamar za a ɗaga na tsakiya, dogayensu su tashi sama, Likita kuwa ya jefo ta ƙasa ƙasa kai tsaye cikin ƙirjina, in rusa in dire ta bayan layin gidansu in ci maki. Ba tsalle, ba ɗagawa. Likita ya ce wannan ai tuwo ne ba miya, sai a kira shi gaya. Sati uku muna gwada gaya, ba mu taɓa yin sa a gaban kowa ba. A shekara huɗu ban taɓa cin maki ko ɗaya ba, kullum ina ƙasa ina ɗaga wani. Gaya nawa ne, kuma ya shige mini kai.

Ranar Juma'a, saura sati ɗaya, bayan la'asar na je Corniche, bakin teku, shan iska. Na sami benci yana kallon jiragen ruwan katakon nan, wani ƙaton baƙin mutum yana zaune a ɗaya gefen da kayan motsa jiki, yana ɗaure igiyar takalmi. Na zauna na kira ƙanena a Zariya. Shi ne mai tara 'yan unguwa su kalli wasanmu a waya idan wani ya ɗauko. Na zayyana masa komai, tuwo da miya da nama, na kawo gaya na bayyana shi sau biyu, har da inda zan sa ƙafata. Ya ce, "Yaya, ka rage murya mana, ba mutane kusa da kai?" Na ce, "Wa ke jin Hausa a nan? Ga wani ƙato kusa da ni, wuyansa kamar na bijimi, ko zaginsa na yi murmushi zai yi." Muka yi dariya. Na ci gaba da bayani, sai da na kashe wayar mutumin ya tashi ya ci gaba da gudunsa. Kafin in kai gida na manta da shi.

Ranar Litinin na ɗauki Likita a motata kamar kullum. Filin haya ne, masu jan riga suna yin atisaye kafin mu, kuma ranar hanya ba cunkoso, muka isa da wuri. Kyaftin ya riga mu, yana tsaye a jikin wayar shingen fili ya harɗe hannu. Bai amsa gaisuwarmu ba, da haɓa ya nuna mana fili. Masu jan riga sun jeru layi biyu a kusurwa, rabinsu suna kwaikwayon mu. Wani Bature ya ɗaga murya ya ce "gaaya". Ba wanda ya yi tsalle a cikinsu. Mutum biyu suka faɗa kan na gaban layi tun kafin ƙwallon ta zauna a hannunsa, suka danne shi. Suka sake. Sau huɗu na ƙirga.

Da suka watse kyaftin ya tara mu a tsakiyar fili. Ya yi magana a hankali, wanda ya fi tsawa tsoratarwa a wurinsa. Ya ce kalma za a iya tsinta a wasa, amma gaya ba a taɓa yin sa a wasa ba, saboda haka wani ne ya faɗa. Idanu suka fara juyowa wajenmu mu biyu, domin ba wanda zai iya bayyana wa baƙo waɗannan kalmomi da kyau sai mu.

Likita ya ce da Turanci, "Ba abin tashin hankali ba ne. Mu juya su kawai, tuwo ya zama nama, su je inda ba ƙwallo."

Ban bar kowa ya ji shi ba. Raina ya ɓaci saboda an ƙwace mini makina tun kafin in ci, kuma na ji idanun nan a jikina ina so su sauka a kan wani. Na ce da Turanci, da ƙarfi, a tambayi Likita da wa yake tafiya coci kowace Juma'a. Kowa ya san amsar. 'Yan Kenya biyu na masu jan riga cocinsu ɗaya, a motarsu yake tafiya, a gidan ɗayansu yake cin abincin rana.

Ya juyo ya dube ni, ya koma Hausa. "Sarkin Sanyi, me kake faɗa haka?"

Na amsa masa da Hausa, ba wanda ya ji sai shi. Na ce, "Ai ba harshenku ba ne, aro kuka yi. Shi ya sa bai dame ka ba ka bayar."

Wannan mutum ne da mahaifiyarsa ta yi masa reno da Hausa, da Hausa yake addu'a, da Hausa ya binne mahaifinsa. Na san duk wannan, shi ya gaya mini a cikin motata. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "To, Malam. Na ji." Bai taɓa ce mini Malam ba sai ranar.

Kyaftin bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Ya ce ba shi da lokacin shari'a, kwana huɗu suka rage. An soke Hausa, an koma lambobi, sababbi, kuma Likita ba zai ji su ba. Wani ɗan Fiji da bai taɓa jifa a wasa ba shi zai karɓi lamba biyu. Khalas, magana ta ƙare. Likita ya ɗauki jakarsa ya zauna a benci har aka tashi, sannan ya kira tasi. Na koma ni kaɗai, ina gaya wa kaina na yi wa ƙungiya aiki. Wallahi a wannan daren ko sau ɗaya Corniche bai zo mini a rai ba. Wannan kaɗai zan iya faɗa don kare kaina, kuma kwana biyu kawai ya yi yana kare ni.

Ranar Laraba da rana aiki ya kai ni Al Mirqab, na shiga wani ƙaramin gidan abinci na 'yan Afirka ta Yamma. Ina cikin ci na ji wata murya a bayana tana ce wa mai kawo abinci, da Hausa, "A ba ni tuwo, amma don Allah a sa miya. Ba na cin gaya."

Na juya. Wuyan na fara ganewa kafin fuskar.

Ya ɗauko farantinsa ya zauna a gabana ba tare da na ce bismillah ba. Ya ce, "Salamu alaikum. Bijimi yana gaishe ka." Hausarsa ta Zangon Kumasi ce, irin wadda mace ma "ya" ake ce mata. Ya ce wata ɗaya ke nan da shigarsa masu jan riga, ranar Litinin yana bakin aiki shi ya sa ban gan shi ba. Ba da mugunta yake magana ba, yana ci yana murmushi.

Na ce, "Ka ji ina magana, me ya sa ba ka ce komai ba?"

Ya ce, "Kai ka zo ka same ni a zaune. Na jira ka yi sallama. Da ka yi da na amsa, da ka ji bakina, da ka san da wa kake zaune. Mamana ya koya mini wanda ya iso shi ke gaisuwa. Ka dube ni sau ɗaya ka gama da ni." Ya tsoma loma a miya. "Ina ji zan tashi in ba ka wuri, sai ka kawo maganar wuya. Na ce to, bari in zauna in ji sauran."

Ya tambaye ni ko gaskiya ne an cire dattijon nan mai jifa, domin 'yan Kenya sun ce bai ɗaga wayarsu ba tun Litinin. Na ce ban sani ba. Ya daina murmushi, ya dube ni, ya ci gaba da cin abincinsa. Na bar nawa rabi na fita.

Daga nan laifin ya zama nawa gaba ɗaya. Da la'asar ɗin nan akwai atisaye. Tun daga Al Mirqab har Umm Salal ina shirya yadda zan faɗa. Da na isa na tarar da Likita ya riga ni, ya buɗe akwatin bandeji a kan benci, domin shi ke ɗaure wa kowa yatsu da idon sawu kafin a fara, kuma bai fasa ba. Aka bi layi. Da aka zo kaina na zauna na miƙa masa ƙafar dama. Ya naɗe ta kamar yadda ya saba, sau uku ta ƙarƙashin dunduniya, ya danna da babban yatsa ya ce, "Ya yi tsauri, Malam?" Na ce a'a. Bakina ya buɗe, na ji maganar ta zo har haƙorana. Na dubi mutum ashirin da ke kewaye da mu na tuna yadda na ɗaga murya a gabansu. Na ce, "Na gode." Na tashi.

Atisayen ya lalace. Ɗan Fijin yana da ƙarfi amma jifansa karkacewa yake yi, kuma rabinmu mun rikita lambobin. Cikin jifa goma ba mu cafke rabi ba. Kyaftin ya jefar da hularsa ƙasa. Likita yana gefe da robobin ruwa, duk lokacin da ɗan Fijin ya ɗaga ƙwallon sai in ga hannayensa suna motsi su kaɗai.

Ranar Alhamis kyaftin ya turo sunaye a waya, Likita yana can ƙasa cikin 'yan benci. Ya biyo da dogon saƙo kan yadda za mu yi wasan: kada a fitar da ƙwallo waje ko da an ba mu bugu, tunda jifan layinmu ya lalace, a riƙe ta a hannu, a yi ta turereniya, minti ashirin na farko su ne wasan. Wato dabarar sati uku ta tafi. Na rubuta wa kyaftin saƙo na goge. Na gaya wa kaina in bari a gama wasan, kada in ƙara rikita mutane. Na gaya wa kaina ai benci ma wasa ne, wataƙila a sa shi minti goma na ƙarshe. Na san ƙarya nake yi. Abin da nake tsoro shi ne a cire ni a gaban 'yan unguwarmu da ƙanena ya riga ya gayyata. Matata ta kira daga gida ta ce a gaida Likita, ta ce yara sun haddace tuwo da miya. Na ce zai ji.

Ranar wasan, bayan sallar Juma'a, na tsaya a ƙofar masallaci mutane suna wucewa suna miƙo mini hannu, Indiyawa, Sudanawa, waɗanda ban sani ba, kowa da sallamarsa. Na shiga mota na nufi gidan Likita ba tare da na kira shi ba. Na ƙwanƙwasa, wanda suke zaune tare ya ce ya tafi tun ɗazu da akwatin bandeji. Na so in same shi shi kaɗai, in yi abin a ɓoye, a kan hanya, ba mai ji. Allah bai ba ni wannan sauƙin ba, kuma ban cancance shi ba.

Ɗakin canza kaya ya cika da warin man zafi. Ta bango ana jin masu jan riga suna waƙa suna buga ƙofar akwatunan ƙarfe. Likita yana durƙushe yana naɗe wa ɗan Fijin wuyan hannu, yana nuna masa inda zai sa yatsu a jikin ƙwallon. Kyaftin ya tsaya a tsakiya da takardar sunaye a hannu, saura minti goma ya kai wa alƙalin wasa. Ya ce ba wanda ya zaci za mu kawo nan. Ya ce sun fi mu komai amma ba su fi mu yarda da juna ba, kowa ya dubi na kusa da shi, shi ne wanda zai ɗaga ka idan ka faɗi. Na kusa da ni Likita ne, ya zo kan ƙafata zai ɗaure ta. Na janye ta.

Kyaftin ya ce, "Yalla, mu je, akwai mai magana?"

Na miƙe. Turancina da ma ba mai yawa ba ne, ranar ya ƙara raguwa. Na ce ni ne. Na ce Corniche, waya, ƙanena, mutumin Ghana mai jin Hausa. Na ce Likita bai faɗa wa kowa komai ba. Na ce tun Laraba na sani.

Wani ya ce, "Tun Laraba?" Na ce e.

Kyaftin ya yi wani zagi da yarensu. Ya dube ni tsawon lokaci, ya dubi agogo, ya dubi takardar. Ya ce da zai sami wani mai ɗagawa da yanzu na cire rigar, maganata sai bayan wasa. Ya ja biro ya soke layi ɗaya ya rubuta wani. Ɗan Fijin bai jira an ce masa ba, ya tuɓe riga mai lamba biyu da sauri kamar tana ƙona shi. Kyaftin ya ce a koma tuwo da miya, a juya su yadda aka faɗa tun Litinin, idan an kira gaya a jefa can baya. Ya miƙa wa Likita rigar.

Likita ya karɓa amma bai sa ba. Ya ninke ta ya ɗora a cinyarsa, ya ci gaba da mayar da almakashi da bandeji cikin akwati ɗaya bayan ɗaya. Ba tare da ya ɗago ba ya ce da Hausa, "Wannan da ka faɗa nasu ne, Malam, sun ji. Akwai wadda ka faɗa da ba su ji ba."

Alƙalin wasa ya buga ƙofa. Ba wanda ya motsa. Na sauka ƙasa na durƙusa a gabansa a kan siminti, yadda ake yi wa babba a gida, Turawa da 'yan Kenya suna kallo ba su san me ake yi ba. Na ce:

"Yaya, na ce maka aro ka yi. Ƙarya na yi, kuma na san ƙarya ce lokacin da nake faɗa. Da wannan harshen ka ce mini sannu ranar da ba ni da kowa a ƙasar nan. Ni ne na zubar da shi a kan titi, na ɗora maka, na zauna ka ɗaure mini ƙafa ina sane na yi shiru. Ba ni da hujja ko ɗaya. Don girman Allah ka yafe mini."